"To" Ɗin da Ta Kusa Ɗaure Maƙwabcina

Ko tsufa ya fara cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da na zauna gaban ɗan sanda. Ba a mare ni ba, ba a zage ni ba, amma ranar na san ni matsoraci ne.

Lokacin noman rani ne. Aka sace injin ban ruwa a gonar da ke jikin tawa a Durba. Mai gonar ya kai ƙara, ya ce yana zargin maƙwabcina mai gyaran inji, tunda shi ya taɓa injin daga ƙarshe. Ni kuma aka kira ni shaida, saboda a gona nake wuni.

Da zan shiga ofishin 'yan sanda na ga maƙwabcin nawa a kan benci, an sa ya cire takalmi. Ya ce, "Yaya, ka zo?" Na wuce ciki.

Jami'in da ya zaunar da ni ba ya ɗaga murya. Tambaya ɗaya yake yi, ya yi shiru, ya zuba mini ido har sai na ji gumi na bin bayana.

"Ka gan shi a gonar ranar."

Na ce, "To, yallaɓai."

"Da yamma ya koma da babur."

"To, yallaɓai."

Mu haka aka rene mu: babba na magana, ka sunkuyar da kai ka ce "to". Ba wai ka yarda ba ne, ka dai nuna ka ji. Sai dai ba zan fake da tarbiyya ba. Na lura sarai yana ɗaukar kowace "to" a matsayin "e", kuma na ƙyale shi, don duk wadda na faɗa ina jin ƙofar fita na ƙara matsowa. Alhali da safe kawai na ga mutumin nan, kuma hannu rabbana ya tafi.

Sai aka kira azahar. Na roƙi izinin salla, ya ba ni buta. Ruwan na taɓa fuskata na ji numfashina ya dawo. Da na sallame ban tashi ba, na yi ta maimaita Hasbunallahu. A nan na tambayi kaina: me na gani da idona? Na tarar bai fi jimla biyu ba.

Na koma na ce, "Yallaɓai, 'to' ɗin nan da nake ta ce maka, ta ladabi ce."

Ya ajiye biro. "Malam, tun ɗazu ashe gaisawa muke yi?"

Ya sake tambayoyin daga farko, ya juya su ta ko'ina. Ni kuma kafin kowace amsa sai na ja numfashi. Na ce na gan shi da safe. Sauran duk na ce ban gani ba, ban sani ba. Da ya yi shirun nan nasa, ni ma na yi nawa.

Kafin la'asar aka ba da belin maƙwabcina. Ya goyo ni a babur yana ta sa mini albarka, ni kuwa kunya ta hana ni ɗago kai. Injin daga baya a hannun wani daban aka same shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in tsoro ya kama ka, bakinka neman hanyar gida kawai yake yi, bai damu da wanda zai bari a ciki ba. Ka nemi ruwa, ka natsu, ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani, ka tsaya nan.