Bugun Tsohuwa Mai Magani

Assalamu alaikum Edita. Ni manomin rani ne a Talata Mafara, shekaruna sun haura arba'in da biyar, karatun boko kuwa a aji biyu na sakandare na jefar da shi, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne mai raina duk wanda na gani da waya a hannu yana latse-latse. In na ga ƙato da gemu yana buga gem, sai in ce Allah ya shirya. Ban san ni ma ina hanya ba.

Wanda ya san noman shinkafa a bakin kanal, wato magudanar ban ruwa, ya san rabin aikin jira ne. Ruwa layi-layi ake sakinsa, sai na sama da kai ya ƙoshi kafin a buɗe maka, in kuwa ka matsa wani ya karkatar da rabonka. A zaman jiran nan ne taubashina, ɗan kawuna da ke zuwa daga Dakko ta wajen Bakura yana noma fegin da ke jikin nawa, ya matsa mini sai da na kai wayata wurin masu tura finafinai a kasuwa aka sa mana wani gem. Tasa wayar 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba ta ɗauka. Ya ce a wasan taubasai ni ɗan mace bawansa ne, bawa kuwa ba ya mallakar komai, wayata tasa ce. Na ce in ya ga ubangida na bin bawansa yana roƙon aron waya, to ya san waye bawan.

Gem ɗin ba irin na gudu da harbe-harbe ba ne. Kamar dara yake, ka buga, abokin gaba ya buga, kuma ko wuni za ka yi kana tunani ba mai taɓa ka sai ka motsa. Mutum huɗu ne ke tafiya gari-gari suna yaƙi da dodanni. Turancin da ke fitowa ba mu gane ko rabinsa, sai muka raɗa musu suna da kanmu: Mai Takobi, Ƙato, Maharbi, da wata Tsohuwa mai magani wadda ke tayar da duk wanda ya faɗi. Muka raba biyu-biyu. Ni na ɗauki Mai Takobi da Ƙato, shi ya ɗauki Maharbi da Tsohuwa, na yi ta yi masa dariya cewa ya zaɓi kakarsa. Muka yi alkawari ba wanda zai buga shi kaɗai, kuma ba mai taɓa mutanen wani. In bugun nasa ya zo sai in miƙa masa waya, in nawa ya zo ya miƙo mini, wani lokaci da taɓo a hannu.

Wallahi na ji daɗin abin nan fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. Rani guda muka cinye, damina ta raba mu, wani ranin muka ɗora. Shi mutum ne mai son ganin ƙarshen abu. Tun da muka hango babbar ƙofar birnin ƙarshe yake cewa mu shiga mu ga abin da ke ciki. Ni kuwa sai in ja mu baya, in ce akwai kogon da ba mu leƙa ba, akwai sulken da Ƙato bai samu ba, har kamun kifi na tsaya ina yi a cikin gem. Ya ce ni matsoraci ne. Gaskiyar ita ce ba na so ya ƙare. A gida hayaniya, a gona taki ya yi tsada, wanga zama a gindin dalbejiya shi kaɗai ne wurin da ba a neman komai daga gare ni.

Ranar da na yarda muka tunkari mai gadin ƙofar, wani dodo mai kai uku, ya kayar da Ƙato, ya bar Mai Takobi da ɗan numfashi. Bugu ya zo kan Tsohuwa. Taubashina na riƙe da waya yana lissafin wa zai fara ba magani, sai aka yi mini ihu an saki ruwana. Na fizge wayar na zura aljihu. Ya biyo ni yana cewa bugu ɗaya tak, in bari ya yi. Na ce ruwa ba ya jiran kakarsa, ya bari sai ranar kasuwa. Ya ce to, bawa ya yi wa ubangidansa ƙwace, zai shigar da ƙara.

Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Maradun duba surukinsa da ba shi da lafiya. Mutanen daji suka tare hanya. An tsinci babur ɗin, an tsinci takalminsa ƙafa ɗaya. Waɗanda aka kwasa tare da shi, wasu an kira danginsu, wasu sun dawo a rame. Mu ba a taɓa kiranmu ba. Mun je duk inda aka ce mu je, mun zauna a bencin ofisoshin hukuma, an ce mu ci gaba da addu'a. Wani da ya kuɓuto ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce bai san mai wagga kama ba. Rani biyu ke nan.

Yayansa ya tara dangi ya ce a yi masa sadaka a fawwala wa Allah. Na ce ban ga gawa ba, na tashi na fita, har yau ba ma gaisawa sosai. Amma ni ma ba ni da abin da zan nuna musu. Abin da nake da shi waya ce. In na buɗe gem ɗin yana nan inda muka bar shi, dodon a tsaye, Ƙato a kwance, wata 'yar kibiya na rawa a saman kan Tsohuwa tana jiran a ce mata ga abin da za ta yi.

Yanzu wayar ta tsufa. Batir ya kumbura, gilashin ya fara baƙi daga gefe. Mai gyara ya ce zai sa mini gem ɗin a sabuwa, amma daga farko zan soma, tafiyarmu ba za ta biyo ni ba. Ya ce in buga in gama tun tana kawo wuta, mi ne ne a ciki. Na gwada sau ɗaya a bakin kanal. Na buɗe jakar Tsohuwa na ga kwalabe kala-kala, ja da kore da shuɗi, ban san wacce ke tayar da matacce ba, don ban taɓa tsayawa na koya ba, aikinsa ne. Na rufe na mayar aljihu.

Ban rubuto don a ba ni shawara ba, na sha ta har ta ishe ni. Na rubuto ne don wanda ke da abin da ya fara da wani, ko gem ne ko gini ko maganar da aka bari a rabi. In ya ce ku ƙarasa yau, ku ƙarasa. Na saba da dodon da ke tsayawa sai na shirya, har na ɗauka haka hanyar Maradun take. Gonata ta sha ruwanta ran nan, da na ƙara minti ɗaya ma da ta sha. Duk safiya ina kai wayar caji, mai cajin na yi mini kallon mahaukaci. To, ya yi ta kallonsa. Bugun ba nawa ba ne.