Geron da Kakana Yake Mantawa a Gona

Shekaranjiya wata mata ta gasa tumu a bayan gidan da muke haya a Kaura, ƙamshin ya mayar da ni gonar kakana da ke hanyar Moriki. Ni dai ƙamshin sabon gero ba ya barina lafiya.

In an yi girbi, an yanke zangarniya, an ɗaure dammuna, akwai wani gefe wajen tsamiya da kakana ba ya bari a tsince shi sosai. Ina yarinya mai rawar kai, na ɗauka sakaci ne irin na tsufa. Wata rana da hantsi na bi wurin na tattaro zangarniyar nan tas, na cika kwando, na kawo gida ina jiran yabo. Kakana ya dube ni, ya dubi kwandon.

"Maida shi inda kika ɗauko, ki watsa kamar yadda kika iske. Kada kowa ya gane ki."

Na yi kuka, wallahi. Sai da innata ta ja ni ɗaka ta gaya mini dalili. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, muna ce mata Gwaggo, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, in an aika mata da hatsi ma sai ta mayar. Amma kala tana yi, don kala ba roƙo ba ce. Abin da take tsinta wajen tsamiyar nan shi ke kai ta damina.

Baffana, wanda yake aiki a ƙaramar hukuma, bai yarda da wannan tsari ba. Ya ce a rubuta sunan Gwaggo cikin masu karɓar tallafin hatsi. Sun sha yin gardama a zaure ina kawo musu ruwa.

"Baba, haƙƙinta ne ga gwamnati. In kun faɗi rashin lafiya, ko gonar ta ƙi, wa za shi ciyar da ita?"

"Kai ka san ta? A kira sunanta gaban jama'a ta shiga layi? Gara mata yunwa."

Lokacin ina bayan kakana ɗari bisa ɗari, ina ganin baffa boko ne ya ɗaga masa kai. Gwaggo ta rasu ba a rubuta sunanta ko'ina ba, kuma ba ta kwana da yunwa ba.

To, ga shi yau gonar ba ta ƙi ba, mu ne ba mu iya zuwa. 'Yan bindiga sun raba mu da ita, tsamiyar ma ban san ko tana tsaye ba. Ba girbi, balle kala. Tambayar baffana ce ta riske mu, kuma ina jin nauyin yadda na raina shi. Ni da kaina na raka innata aka rubuta sunanta. Ranar rabo aka kira ta da lasifika, ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na tuna kakana. Amma hatsin nan shi muka ci, ba zan ɓoye muku ba. Da layin ya tsallake mu, ban san yadda za mu yi ba.

Akwai wadda ya tsallake ɗin. Wata bazawara daga wajen Shinkafi tana ɗakin da ke kallon namu, ita da 'ya'ya uku, sunanta bai fito ba, kuma ba ta ce wa kowa komai ba. Da la'asar na ga ƙwarya cike da gero a gindin turmin da duk gidan muke daka a ciki. Na ce inna ta fara mantuwa, na sunkuya zan ɗauka.

Daga bakin ƙofa innata ta yi magana a hankali.

"Ke, har yanzu ba ki bar halin nan ba? Bar shi inda kika iske."