Jan Fenti a Jikin Gawon Malam Ilu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Ilu, malamin daji, wanda ya yi aikinsa tsakanin Gwarzo da Kabo. Na saba tunawa da shi cikin natsuwa. Bana kuwa ina rubutu raina a dagule.

Ilu ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana roƙon manoman ƙauyen Gammo kada su sare gawo. Yakan ce itace ne mai yi wa mutum aiki ba tare da neman lada ba: ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne idan ciyawa ta ƙare, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. An yi masa dariya har aka laƙaba masa Sarkin Gawo, bai fasa ba. Yawancin itatuwan da ke tsaye a gonakin nan yau shi ya tsare su tun suna ƙanana.

A ƙarshen daminar bana aka gayyace mu taro a Kabo. Wasu ƙungiyoyi biyu masu kare muhalli ne suka haɗa kai da masana, da nufin a riƙa auna amfanin da itatuwa da ruwa ke yi wa jama'a kafin a yanke shawara a kan ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, domin maganar Ilu ce ta dawo ta bakin masu ilimi.

Sai aka haska taswira a bango. Ashe sun ɗauki hotunan gonakin daga sama da ɗan jirgi maras matuƙi ana tsakiyar ruwa. Suka ga ko'ina kore shar, gawo kuwa babu ganye ko ɗaya, suka sa shi cikin matattun itatuwa. Shawararsu ita ce a cire shi a dasa itacen turare. Har an riga an shafa wa kowanne jan fenti.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar nan ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Amma ba kuskuren baƙi ne ya fi girgiza ni ba. Zauren cike yake da 'yan ƙasa, kuma tafi suka yi. A makarantar mishan da muka yi da Ilu, ba a barin mutum ya sa hannu a kan abin da bai duba sau biyu ba.

Ardo Bello, wani dattijo mai shanu daga Mainika, ya riga ni miƙewa. Ya dubi shugabar taron ya ce, "Ranki ya daɗe, in dai itacen nan ya mutu, to duk shekara yake mutuwa, kuma duk rani 'ya'yansa shanuna ke ci."

Ta ce, "Baba, me ya sa babu wanda ya gaya mana?"

"Hajiya, ai jirgi kuka tambaya, ba mu ba."

Zan faɗi gaskiyarta: ta nemi afuwa, ta dakatar da aikin, ta ce sai an sake dubawa da rani tare da manoma da makiyaya. Sai dai masu saran itace sun riga sun ɗauki fentin a matsayin izini. Da na isa tsohuwar gonar Ilu, babban gawon da yake sallar azahar a gindinsa kututture kawai na tarar.

Me zai ce da yana raye? Na san shi, ba zai tsaya faɗa ba, aiki zai kama. Saboda haka ni da Ardo muka sayi kananzir, muka nemi tsumma, muna bin gonaki muna goge fentin ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinmu suna ciwo. Jiya manoma huɗu suka biyo mu da nasu tsumman, cikinsu har da wanda ya fara kiransa Sarkin Gawo. Abin da ya rage na Ilu ke nan. Allah Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya bar mana inuwa.