Hutun da Oga Sylvester Ya Ba Mode

Oga Sylvester ya tsufa yana sayar da takin zamani da maganin feshi a Zuru, kuma bai taɓa yarda gajiya ciwo ce ba. Yaransa da ke Ribah da Bena ta waya yake juya su, ko suna tsakiyar cin tuwo.

Da 'yarsa Chidinma ta gama jami'a, ta ce masa shugaban zamani yana ba ma'aikata hutu. Nan take ya kafa doka: ran Lahadi ba aiki. Sai dai shi mutum ne mai son shaida, don haka zai kira kowa ta bidiyo ya gan shi a kwance.

A ƙauyen Mode, yaronsa na Bena, babu sabis sai a kan dutse. Kowace Lahadi yakan ɗauki tabarma ya hau, ya kwanta cikin rana yana jiran kira, ciyawa na cin gonarsa.

Da abin ya ishe shi ya ce, "Oga, don Allah a cire ni daga hutun nan. Aikin ya fi sauƙi."

Sylvester ya tausaya masa ƙwarai. "Mode, gajiya ce ke sa ka wannan magana. Na ƙara maka Litinin. Zan kira."