Ƙafar Inna da likitocin jijiya a Kankia

Ana sallame sallar asuba muka bar Kusada, ni da ƙanena a motar aro, Inna a baya ta miƙe ƙafa kan filo. Shekara huɗu ke nan da ta karye a idon sawu. Ƙashi ya ɗinke tuni, zafin ne ya ƙi tafiya, ko zane ya gogi wurin sai ta runtse ido. An yi ƙaho, an yi tofi, an sha ƙwayoyi, duk mun gaji. Da muka ji likitocin jijiya sun zo Kankia bincike kan ciwo mai daɗewa, kuma masu tsananin ciwo kawai za su ci gaba da dubawa, na ce mu gwada.

Hanyar ba nisa, amma ramukanta sun ishi mai lafiya ma. Gero ya yi kai hagu da dama, ban samu zuciyar kallonsa ba. A bakin titin Kankia muka sayi ƙosai. Kuɗinsa ya hau, shi kuma ya rame kamar yana jinya.

Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likitar, wata matashiya, ta ce wani lokaci jijiyoyi kan saba da kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi, rauni ya warke su ƙi dainawa, har taɓawa kaɗan ta zama azaba. Ba raki ba ne, ba iska ba ce. Sannan ta ce, "Inna, daga ɗaya zuwa goma, ina zafin ya kai?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Da sauƙi, ɗiyata. Sa biyu."

Raina ya ɓaci. Biyu fa, a sallame mu ke nan! Na buɗe baki, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne ɗan fari?" Na ce ni ne. Ta ce in ɗan ba su wuri.

Na tsaya ƙarƙashin darbejiya, taga a buɗe. Muryar Inna na ji, ƙasa-ƙasa: "Goma ne. In akwai abin da ya hi goma, rubuta shi." Na zauna a ƙasa.

Sun ɗauki sunanta, ba su yi alkawarin warkewa ba. Muka iso Kusada da la'asar sakaliya, jiki duk ya mutu, ita kuwa awakinta ta fara tambaya.

Na san uwa ba ta kai wa ɗan fari kuka, kunya ba ta bari. Amma kullum ni ke tambayarta jiki, in karɓi amsa mai daɗi in wuce harkata hankali kwance. Tafiyar nan ta nuna mini na fi ta son wannan amsar. Yanzu ƙanwata ke shiga ta tambaye ta, ni kuma in tsaya a zaure in jira gaskiya.