Mobilet ɗin da Na Ara wa Surukina

A lokacin da wannan abu ya faru, ni matashin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tajaye, sabon ango, mai ji da kansa. Duk taƙamata a duniya ba ta wuce wata shuɗiyar mobilet da na saya ta hannu a Ƙonni ba. Na fi wanke ta a kan in gyara ta, don halina ke nan a lokacin, abin da ido zai gani kaɗai nake kula da shi.

Birkin gaba ya daɗe da mutuwa, da na baya nake lallaɓawa, sai wata rana ita ma wayarsa ta tsinke. Irin wayarta sai an je Ƙonni, ni kuma ƙyuya ta hana ni. Na karɓi wayar keke wurin mai facin garinmu, da na zura ta sai ta gaza, ba ta kai ƙafar baya ba. Na ɗauko guntun tsohuwar na murɗe su tare da filaya, na naɗe mahaɗar da roba. Mai facin ya gaya mini ranar da aka damƙe birkin nan da ƙarfi haɗin zai zame. Na yi dariya na ce na san hannuna. Gaskiya ne kuwa, tun daga nesa nake sakin wuta, in ƙarasa tsayawa da ƙafa.

Bayan mako biyu, da sassafe, aka yi sallama, na fito na ga mahaifin matata. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa taka ƙofata ba, balle ya roƙe ni wani abu. Ya ce yayansa ne ya rasu a wajen Illela, ga shi babu mota, yana so ya riski jana'iza. Ya iya tuƙi tun zamanin da yake zuwa cin rani Najeriya. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, maganar birkin ta zo mini har bakina. Amma mai karatu ya san mu. In mutum ya zo aro ka fara lissafa masa aibin abin, to ka ce masa a'a ke nan. Ga shi kuma suruki, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. In ce zan kai shi ma na kasa, ina ni ina goya surukina yana riƙe da ƙuguna? Abin da kawai ya fito daga bakina shi ne ya bi a hankali. Ya sa mini albarka, har na share masa sirdin da hannun rigata.

A wata gangara kafin Illela amalanken jaki ya gitta masa. Ya damƙe birki kamar yadda kowane mai hankali zai yi. A kan duwatsu aka ɗauke shi, ƙashin ƙugunsa ya karye, aka binne yayansa ba ya nan. Da aka dawo mini da mobilet ɗin na ga wayoyin nan biyu sun rabu, robar tana reto. Na zare su na cusa a aljihu kafin wani ya lura. Wallahi har yau in na tuna da saurin hannuna a wannan lokacin, kunyar kaina nake ji.

Maɗori ya ɗora sau biyu bai kama ba. Da muka kai shi asibiti aka ce an makara. Ina tsaye ina kallo ana juya shi yana cije leɓe, ba ni da abin da zan iya. Damina ta faɗi, mutumin da yake riga kowa fita gona ya koma zaman zaure yana tambayar masu wucewa ko hatsi ya yi kai. Ina kai masa abin da na samu, mutanen gari suna yabona, kowane yabo yana ƙona ni. Kowa ya tafi a kan tsufa ne ya sa hannunsa ya yi sanyi, shi ma haka ya ɗauka.

Na koyi cewa akwai kunyar da ba ladabi ba ce, tsoron bakin mutane ne kawai. Don Allah, duk wanda zai ba da aron abin hawa ya faɗi aibinsa a fili, ko da za a ce masa marowaci. Ni shekara shida na samu in faɗa masa gaskiyar birkin, kullum ina cewa sai ya ƙara jin sauƙi. A ciwonsa na ƙarshe ya sa aka kira ni, ya kama hannuna, ya ce abu ɗaya ke damunsa, ya lalata mini abin hawa ina sabon aure, in yafe masa. Ɗakin cike yake da mutane, matata tana gefe tana kuka. Na ce na yafe.