Gaji da Hannun Barau

Idan na tuna Gaji ta Kademi, hannuwanta nake fara gani kafin fuskarta, sirara, suna motsi a hankali kamar na mai aiki a cikin mafarki. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ta tafi birni jinyar mijinta. Mijin bai tashi ba, ita kuma ba ta dawo ba. A asibitin da ya kwanta ta samu aiki, a wani ɗaki da ake kai waɗanda ciwo ya kashe wa hannu, a sake koya musu riƙe moɗa da saka riga da ɗaura zani. Wata ma'aikaciya da ta yi karatun abin ita ke duba mutum ta faɗi aikin da za a ba shi, Gaji kuma ta zauna da shi a tabarma har ya iya. Takan ce rabin aikinta hana kanta taimako ne. Mu dai dariya muke yi, don ba mu taɓa jin an ɗauki mutum aikin naɗe hannu ba.

A shekarun da aka yi fari ta dawo gida, ta tarar yayanta Barau ya samu shanyewar ɓarin dama. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun kuwa yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Barau ne babba a gidansu, shi ke fara sa hannu a akushi idan ya zauna da ƙannensa a zaure. Da hagu kuwa ba zai ci a gaban mutane ba ko za a yanka shi. Sai ya shige ɗaki, matarsa Lauratu tana ba shi a baki, ya ɗan taɓa ya kau da kai. Yana ta ramewa. Kowa na cewa ciwo ne, Gaji ta ce kunya ce ke cinye shi.

Abin da ta yi ya ba mutane haushi, har da ni. Ta fito da shi gindin tsamiyar tsakar gida, ta ajiye masa ƙwaryar wake, ta ce ya riƙa ɗauka da hannun nan yana sakawa a wata ƙwaryar. Daga wake ta kai shi ɓarar gyaɗa, daga nan ta kwaɓa laka ta ce ya dunƙula kamar loma. Mata suka yi ta surutu, wai an mai da magidanci guda yaron goye. In waken ya zube Lauratu ta yunƙura za ta tsince, sai Gaji ta riƙe mata zani. Ranar da Barau ya yi fushi ya ture ƙwaryar, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Yaya, hannun nan barci yake yi," ta ce. "In muka ci gaba da yi masa hidima, ba zai ga dalilin tashi ba."

Har yau ina jin yammacin nan a kunnena. Inuwa tana rarrafe a ƙasa, kurciya na kuka, ni ina gyangyaɗi a bakin ƙofa, can sai in ji ƙwayar wake ta faɗa ƙwarya. Sai shiru mai tsawo. Sai wata ta faɗa. Haka rani ya wuce, damina ta zo ta wuce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Barau ya ja ƙafarsa ya shiga zaure, ya zauna a inda ya saba. Gaji ba ta da wurin zama cikin maza, sai ta tsaya a bayan ƙofa, ni ma na raɓe kusa da ita. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko tuwo. Hannun na rawa, miya na ɗiga a rigarsa, lomar ta suɓuce ta koma akushi. Tausayi ya kama ƙaninsa Inuwa, ya miƙa hannu zai ɗauko masa.

"Ci daga gabanka, Inuwa," in ji Barau. "Nan wajena ne."

Inuwa ya janye hannu ya sunkuyar da kai. Suka zauna ba wanda ya taɓa akushin, suna jiran babban yayansu ya fara.